Injinan Aro a Ɗakin Gwaji

Malam Awaisu mai naɗin kwayil bai taɓa sa farar rigar aiki ba sai ranar Talatar nan, kuma tun da ya zura hannu a cikinta yake jin haushin kansa. Rigar ta matse shi a hammata. Ga wani kati da aka maƙala masa a ƙirji, da hotonsa, an rubuta da Turanci wai shi ne babban jami'in ɗakin gwaji na sashen injiniyan lantarki. Mutumin da iyakar bokonsa aji biyar na firamare. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a shagonsa na bakin kasuwar Malumfashi, yana farke injinan lantarkin da suka ƙone yana naɗa musu sabuwar waya, ba wanda ya taɓa kiransa jami'i, shi ma bai nema ba.

'Yarsa Raudatu ce ta kai shi wannan wuri, ko da yake ba ita ta roƙe shi ba. Tana shekarar ƙarshe a wata sabuwar jami'a da aka gina a gefen hanyar Funtuwa, su ne rukunin farko, su arba'in da uku. Hukumar da ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i za ta turo mutum uku su duba sashen. In sun sa hannu, digiri ya zama digiri. In sun ƙi, babu bautar ƙasa, babu rajistar injiniya, takardar da yarinya ta yi shekara biyar tana bi sai dai a ƙunshe ƙosai da ita.

Saura mako biyu baƙin su zo, shugaban sashen, Dakta Almustapha Sabuwa, ya tsayar da motarsa a ƙofar shago. Mutumin da bai taɓa sanin akwai layin nan a garin ba, sai ga shi har da rusunawa wajen gaisuwa.

Ya ce, "Malam Awaisu, taimako na zo nema. Kayan ɗakin gwajinmu suna kan hanya, ba su iso ba. Injina bakwai kawai za ka ara mamu, kwana biyu, da na'urorin awonka. Kai ma ka tsaya mamu a wurin, don ma'aikacinmu ya bar aiki."

"Tun yaushe suke kan hanya, ranka ya daɗe?"

Dakta ya yi murmushi ya gyara hula. "Ka san sha'anin ofis."

"Injinan nan ba nawa ba ne. Na mutane ne, gyara suka kawo."

"Ai ba cinye su za mu yi ba. Kowace jami'a haka take yi. Kuma ka tuna ɗiyarka na ciki."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce igiyar, Dakta kuwa ya san inda ya ɗaura ta. Malam Awaisu ya kwana uku yana faɗa da kowa a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ya amince. A garin nan an san shi da abu ɗaya: in inji ya mutu zai ce maka ya mutu, ko da za ka yi kuka. Amma da Alhaji Talha na Maska ya zo ɗaukar injin niƙansa, ga kaka ta yi, ga buhunan masara jibge a ƙofar gidan niƙa mata na jira, Malam Awaisu ya dubi ƙasa ya ce kwayil bai gama bushewa ba, a ƙara masa mako guda. Alhaji Talha bai ko yi musu ba, ya ce Allah ya kai mu, ya hau babur ɗinsa. Rashin musun ne ya fi ci wa Malam Awaisu rai.

Ranar Litinin ya bi a-kori-kura da kayan zuwa jami'a. Da aka buɗe masa ɗakin gwajin sai ya tsaya a ƙofa yana kallo. Ɗaki ne ƙato, ƙasa shimfiɗe da tayil, ga fankoki, ga tebura goma sha biyu ko ledar jikinsu ba a ɓare ba. Ban da wannan babu komai. Ko guntun waya babu a ƙasa, balle ɗigon baƙin mai. Ya juya ya dubi Raudatu, wadda ta zo tare da 'yan ajinsu don taya jera kaya.

"A nan kuke aikin hannu?"

"A allo ake zana mamu, Baba."

"Shekara biyar?"

Ta sunkuyar da kai kamar ita ce ta cinye kayan. Ya juya ya fara sauke kaya, don ya san in ya buɗe baki ba zai rufe ba.

Ba shi kaɗai aka yi wa aro ba. An kawo janareta daga wani gidan biki a Funtuwa, an kwaso littattafai daga wata kwaleji aka manna musu hatimin jami'a a kan na masu su, an ɗauko malamai huɗu daga wasu garuruwa, aka ba kowanne ofis da labule da sunansa a ƙofa. Aka kira mai fenti ya shafe injinan bakwai da shuɗi, har da na Alhaji Talha, wanda shekara goma sha biyar kore aka san shi. Malam Awaisu yana tsaye yana kallon fentin na bin jikin ƙarfe yana tunanin ƙaryar da zai sake yi in ya mayar da shi.

Abu ɗaya ne na jami'ar da kanta a ɗakin: wani babban allo mai gilashi a bango, an jera jimloli goma sha biyu na Turanci. Raudatu ta fassara masa. Manufofin karatun ne, wato abin da duk wanda ya gama zai iya yi. Zai iya tsara aikin lantarki. Zai iya gwaji ya fitar da sakamako. Zai iya aiki da injina cikin kiyaye lafiyarsa da ta jama'a. Wata guda ke nan ana sa su haddar allon, safe da yamma, Dakta da kansa yake karɓar tilawa.

Malam Awaisu ya ce, "Kun haddace duka?"

"Duka, Baba."

"To madalla. Ashe kun sauke."

Da safiyar Talata, kafin baƙi su iso, Dakta ya sa aka tayar da janareta, ya ce a kunna komai. Yana son in an shigo a ji injina na ruri, a ga jajayen fitilu na haske a kowane tebur. Malam Awaisu ya ce masa ba a haka. Inda ɗalibai za su sa hannu, babban makunni a kashe yake zama sai an gama haɗi. Dakta ya dafa kafaɗarsa ya ce ba wanda zai sa hannu a komai, kallo kawai za a yi a wuce ɗakin shan shayi. Malam Awaisu ya haɗiye maganarsa, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Baƙin uku ne, maza biyu da mace ɗaya, kuma macen ce shugaba. Farfesa Amatullah, wata 'yar siririyar dattijuwa Bazazzagiya, da gilashi rataye a wuya da biro a hannu. Mazan biyu sun bi Dakta suna gyaɗa kai a duk abin da ya nuna. Ita kuwa ba ta kallon inda ake nuna mata. Ta dubi tayil, ta shafa tebur ta dubi yatsanta. Sannan ta tsaya a kan injin da ke can ƙarshe, wanda ba a haɗa shi da wuta ba, na Alhaji Talha. Ta ɗan buga murfin fankarsa da bayan biro, sai wani farin gari ya zubo a kan tebur.

Ta ɗebo da yatsa ta murza. Da Hausa ta yi magana, kai tsaye da Malam Awaisu. "Malam, a ɗakin gwajin nan har tuwo kuke yi?"

Dakta ya yi wata dariya mai ƙarfi, shi kaɗai.

Ta ce, "Buɗe mini akwatin wayoyinsa."

Malam Awaisu ya tuna abin da ke ciki tun kafin ya ɗauki sukudireba. Duk mai naɗin kwayil a ƙasar nan, in aka kawo masa inji, a cikin murfin akwatin wayoyi yake rubuta sunan mai shi da ƙusa, da garinsa, da ranar da zai zo ɗauka, don rubutun waje mai da ƙura na goge shi. Mai fenti ya shafe waje tas, amma wa zai gaya masa ya leƙa ciki? Dakta bai san da wannan al'ada ba, shi kuma Malam Awaisu ya saba da ita har ya manta yana yi.

Farfesa ta sa gilashi ta karanta a fili. "Alhaji Talha. Maska. Niƙa. Laraba." Ta ɗago. "Wane ne Alhaji Talha?"

Ɗalibai arba'in da uku suna jere a jikin bango da sababbin fararen riguna. Malam Awaisu bai juya ba, amma ya san daidai inda Raudatu take tsaye.

"Wani bawan Allah ne, ranki ya daɗe. Shi ya ba jami'a injin kyauta."

"Laraba fa?"

"Ranar da ya bayar ke nan."

Ta dube shi ta saman gilashi, ta dubi hannuwansa, baƙaƙe, faratan cike da tsohon mai da sabulu ya gaji da shi. Ta rubuta wani abu. Shi kuwa ji ya yi kamar ya tauna ƙasa. Bai ji haushin matar ba, aikinta take yi. Haushin Dakta yake ji, da na duk wanda ya sa hannu a takardar kayan da suka shekara biyar a kan hanya, da na kansa fiye da kowa, dattijo da furfura yana zabga ƙarya a gaban yara.

Farfesa ta koma gaban allon bango. Ta tambaya da Turanci ko ɗaliban sun san manufofin karatunsu. Nan fa Dakta ya farfaɗo. Ya nuna Raudatu, ta fito, ta jero goma sha biyun nan daga farko har ƙarshe, ba gargada, muryarta tas. Mazan biyu suka tafa. Malam Awaisu, duk da ɗacin da ke ransa, sai da ya ji wani sanyi, don bai taɓa jin 'yarsa tana Turanci haka a gaban manya ba.

Farfesa ta ce, "Da kyau. To zo ki nuna mini ta bakwai." Ta nuna wani inji da ke juyi a tebur na uku. "Wannan wajen dama yake juyawa. Ina son ya koma hagu."

Aiki ne na minti uku, wayoyi biyu ake sauya wa wuri. Dakta ya yi murmushi har kunne, ya raɗa wa na kusa da shi cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Raudatu ta matsa gaban teburin. Ta danna jan maɓalli, injin ya rage gudu ya tsaya. Ta ɗauki sukudireba ta kwance murfin akwatin makunni. Malam Awaisu yana jira ta juya ta tafi bango ta sauke babban makunni. Ko a allo aka koya wa mutum lantarki, ai da wannan ake farawa: ka kashe daga tushe, ka gwada, sannan ka taɓa. Ba ta juya ba. Injin ya yi shiru, ita a wurinta wuta ta tafi. Jar fitilar tana nan tana ci a saman akwatin. Ta riƙe ƙarfen teburin da hannun hagu, ta kai na dama wajen wayoyi ukun sama, waɗanda wutar janareta ke shigowa ta cikinsu, yatsanta a kan ƙarfen sukudireban.

Bai san lokacin da ya tsallake tebur ba. Ya doke hannun da ƙarfin da bai taɓa dukan ɗa nasa da shi ba. Sukudireban ya yi sama ya faɗo tsakanin wayoyin, wuta ta yi tartsatsi da ƙara kamar an fasa kwalba, janareta ya yi tari ya mutu. Ɗakin ya yi tsit, sai warin roba da ta ƙone. Raudatu na zaune a ƙasa riƙe da wuyan hannunta. Bakin sukudireban ya narke ya dunƙule.

Farfesa ce ta fara motsi. Ta tsuguna ta duba yarinyar, ta tabbatar ba abin da ya same ta, sannan ta miƙe. Fuskarta ta canza.

"Malam, kai ne mai ɗakin nan. Sau nawa ka yi wannan aikin da yaran nan?"

Dakta ya yi caraf ya ce, "Farfesa, tsoro ne kawai ya kama ta, kullum suna..."

"Ba kai na tambaya ba."

Amsar tana nan a shirye, an ba shi ita tun jiya: sau biyu a mako, Litinin da Alhamis. Kalma bakwai ce, ya faɗa a wuce wurin. Ya buɗe baki ya dubi narkakken ƙarfen da ke ƙasa, abin da ya kwana goma sha huɗu yana dannewa ya taso masa gaba ɗaya.

Ya ce, "Jiya na fara shiga ɗakin nan. Ni mai naɗin kwayil ne a Malumfashi. Wannan ɗiyata ce. Injinan nan bakwai na mutane ne, gyara suka kawo mani. Alhaji Talha bai ba kowa kyauta ba, gobe Laraba zai zo ɗaukar abinshi." Ya juya ga Dakta, muryarsa na hawa. "Na ce maka a kashe wutar nan, ka ce a bari ta yi kyau. Shekara biyar kuna tara 'ya'yan mutane kuna zana masu inji da alli. Kun sa sun haddace allo kamar karatun aku. Da yanzu gawa zan ɗauka in kai ma uwarta, ku kuna nan kuna shan shayi. Ku waɗannan za ku saki su shiga gidajen mutane da gidajen niƙa? Ku ba su takarda su je wuta ta cinye su? Wallahi ba ku ji tsoron Allah ba."

Ya fizge katin ƙirjinsa, ya tuɓe rigar, hannunta ɗaya ya yage, ya ajiye ta a kan tebur. Ɗaya daga cikin malaman aron ya sulale ta ƙofar baya.

Farfesa Amatullah ta rufe fayil ɗinta a hankali. Ta juya ga ɗaliban, ta yi musu magana da Hausa don kada wani ya ce bai gane ba. Ta ce ba laifinsu ba ne, amma ba za ta sa hannu ba. Za ta rubuta abin da ta gani, sai jami'a ta sayi kayanta ta koyar da su a kai sannan a sake zuwa. Wani ɗalibi ya tambaya yaushe ke nan. Ta ce ba ta sani ba. Shekara biyu, in an yi da gaske. Wata yarinya a ƙarshen layi ta fashe da kuka.

A baranda Dakta ya tare shi, idanu jajur. "Ka huta, Malam Awaisu. Matar nan ta ga garin masara ta yi shiru, ta ga suna ta yi shiru. Da ka riƙe bakinka minti ɗaya da mun samu amincewa ko ta wucin gadi ce. Yara arba'in da uku ka kashe da bakinka, har da taka."

"Matsa mani in kwashe kayan mutane," in ji Malam Awaisu.

Shi da direban a-kori-kura suka yi lodi. Ɗaliban da suka taya saukewa jiya ba wanda ya kama musu, suna tsaye nesa a ƙarƙashin bishiya suna kallonsa, kallon da bai ga laifinsu ba a kai. Har yanzu ransa tafasa yake. Yana ɗaure igiya yana sake jero maganganun da ya manta bai gaya wa Dakta ba, kuma ko kaɗan bai yi nadamar waɗanda ya faɗa ba. Yana da tabbacin shi ke da gaskiya.

Raudatu ta zo ta tsaya a bayan motar. Ta tuɓe farar rigar ta naɗe a hannu, wuyan hannun ya kumbura. Ba ta kuka. Ya so ya tambaye ta ko da zafi, sai ya ji kansa yana cewa, "Kin ga abin da suka yi maki? Ko kashe wuta ba su koya maki ba."

"Ba su koya mani ba, Baba. Gaskiya ka faɗa."

"To."

"Ina aji uku na sakandare na fara zuwa ƙofar shagonka ina leƙe. Ka ce in koma gida, wannan ƙazantar ba tawa ba ce. Da na shiga jami'a, duk hutu sai na roƙe ka. Ka ce ni injiniya zan zama, ba mai kwayil ba, a can za a koya mani na gaske." Ta ɗaga ido ta dube shi, abin da ba ta saba yi ba. "Su ba su da inji ko ɗaya. Kai kana da su har bakin ƙofa."

Igiyar na hannunsa. Ya nemi haushin nan da ya riƙe shi tun safe don ya ba ta amsa da shi, ya rasa wanda zai ɗora wa. Direba ya leƙo ta taga ya ce rana na yi, Malam, a tafi ko a jira?

Raudatu ta ce, "Ku tafi. Ni zan hau bas."

Ta juya ta nufi ƙofar jami'a ita kaɗai, ba ta bi wajen 'yan ajinsu ba. Malam Awaisu ya tsaya yana kallon bayanta har direba ya sake yin hon.